Daga kalmar sirri zuwa buɗewar allo: yadda ake tsara abin da kwamfutar Linux ke tayarwa

A ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 ne kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum da yake bai wa Windows 10. Wanda ya gaje shi, Windows 11, yana neman ƙwaƙwalwar aiki ta RAM mai gigabait 4 aƙalla, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, abin da tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi. Irin waɗannan na'urori, waɗanda aka sayo kwance ko aka samu kyauta, su ne ake yawan gani a ɗakunan koyon kwamfuta, da ofisoshin ƙungiyoyi, da shagunan intanet daga Yamai da Damagaram har Garwa, Marwa da Njamena. Jefar da su asara ce, barin su ba gyaran tsaro kuma haɗari ne. Shi ya sa masu gyara ke waiwayar Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991, wadda ake samu kyauta, kuma take da rassan da ke tafiya lafiya a kan na'ura mai ƙaramin ƙarfi. Akwai ma reshen da masu sa kai na Faransa suka haɗa musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, wato Emmabuntüs.

Sai dai ɗora Linux rabin aiki ne. Sauran rabin yana cikin ƴan daƙiƙun nan da ke tsakanin rubuta kalmar sirri da bayyanar allon aiki. A lokacin ne na'ura ke yanke shawarar waɗanne manhajoji za ta tayar, da wace za ta kula da tagogi, da tsarin madannan da za a yi rubutu da shi. Idan aka tsara wurin da kyau, kwamfuta mai gigabait 2 za ta iya biya wa ɗalibi buƙata. Idan aka bar shi yadda ya zo, za ta cika da abubuwan da ba wanda ya nema. Idan kuma aka taɓa shi da ka, mutum zai iya rufe wa kansa ƙofa, ya riƙa shigar da kalmar sirri ana maido shi waje.

Wa ke yin me?

A Windows, duk abin da ido ke gani a allo daga gida ɗaya ya fito, a ɗaure yake wuri guda. A Linux kuwa ma'aikata ne daban-daban, kowa da nasa aiki, kuma ana iya sallamar ɗaya a ɗauko wani.

Na farko shi ne mai shimfiɗa allo, wanda ke magana da gilashin kwamfuta da madannai da linzami. Tsohon da aka daɗe ana amfani da shi sunansa X. An ƙirƙiro shi a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, kuma sigarsa ta 11, wadda ta fito a 1987, ita ce ake kira X11 har yau. Magajinsa shi ne Wayland, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008.

Na biyu shi ne mai tsaron ƙofa, wato allon da ke tambayar suna da kalmar sirri. Sanannu uku ne: LightDM, GDM da SDDM. A allon Faransanci ana ce masa gestionnaire de connexion.

Na uku shi ne mai kula da tagogi. Shi ne ke sa wa kowace taga kai da gefe, ya ba da damar jan ta, ko ƙanƙanta ta, ko rufe ta. Openbox, Xfwm4, Fluxbox, IceWM da i3 duk wannan aikin suke yi. Ba don shi ba, manhaja za ta buɗe ta manne wuri ɗaya, ba a iya matsar da ita.

Na huɗu shi ne fagen aiki gaba ɗaya, abin da Faransanci ke kira environnement de bureau. Ya ƙunshi mai kula da tagogi, da sandar da ke ƙasa ko saman allo, da jerin manhajoji, da mai buɗe fayiloli, da wurin saituna. KDE ya fara a 1996 a hannun Matthias Ettrich na Jamus. A shekarar ce kuma wani Bafaranshe, Olivier Fourdan, ya fara Xfce. GNOME ya biyo baya a 1997 daga Miguel de Icaza da Federico Mena na Meziko, sai LXDE a 2006 daga Taiwan, wanda daga baya ya haifar da LXQt. GNOME da KDE sun fi kayan ado, sun fi kuma cin ƙwaƙwalwa. Xfce da LXQt sun fi sauƙi. Openbox shi kaɗai, ba tare da fagen aiki ba, ya fi su duka sauƙi, amma sai mutum ya haɗa sauran kayan da hannunsa.

Abin da ke faruwa bayan an danna shiga

A allon shiga akwai wani ɗan maɓalli, galibi a kusurwa, inda ake zaɓar irin zaman da ake so. Jerin da ke fitowa a wurin daga folda biyu ake ɗebo shi: /usr/share/xsessions ta zaman X11, da /usr/share/wayland-sessions ta zaman Wayland. Kowane suna a jerin yana da ƙaramin fayil nasa mai ƙarewa da .desktop, kuma layin da ya fi muhimmanci a ciki shi ne mai farawa da Exec. A fayil ɗin Xfce layin yana kiran startxfce4, a na Openbox yana kiran openbox-session. Da zarar kalmar sirri ta yi daidai, mai tsaron ƙofa zai tayar da abin da wannan layi ya ambata, ya koma gefe yana jira. Duk lokacin da wannan manhaja ta tsaya, zama ya ƙare, allon shiga zai dawo. Ku riƙe wannan ƙa'ida, domin akasarin matsalolin shiga daga nan suke tasowa.

A Debian da rassansa akwai wani mataki a tsakani ga zaman X11. Kafin a kai ga fagen aiki, ana bi ta fayil ɗin /etc/X11/Xsession, shi kuma yana karanta jerin umarnin da ke cikin /etc/X11/Xsession.d ɗaya bayan ɗaya, bisa lambobin da ke farkon sunayensu. A cikin wannan tafiya ne ake duba ko mai shiga yana da fayil mai suna .xsessionrc a gidansa. Idan akwai, sai a aiwatar da abin da ke ciki, ko wane fage ya zaɓa. Ɗigon da ke farkon sunan yana nufin fayil ɗin a ɓoye yake. A yawancin manhajojin buɗe fayiloli, danna Ctrl da H tare yana fito da irinsu. Alamar ~ da za ku gani a ƙasa tana nufin foldar gidan mai amfani.

Hanya mafi sauƙi: foldar tashi kai tsaye

Da can kowane fagen aiki da nasa salon tayar da manhajoji. Dandalin freedesktop.org, wanda Havoc Pennington ya kafa a 2000, shi ya haɗa su a kan ƙa'ida ɗaya, kuma yau GNOME, KDE, Xfce, LXQt, MATE da Cinnamon duk suna bin ta. Ƙa'idar ta tanadi wurare biyu. Abin da aka ajiye a /etc/xdg/autostart yana tashi ga duk wanda ya shiga na'urar, kuma sai mai izinin shugaba ke taɓa shi. Abin da aka ajiye a ~/.config/autostart na mutum ɗaya ne kawai.

A ce malami yana son LibreOffice Writer ya buɗe da kansa duk lokacin da ɗalibi ya shiga. Zai ƙirƙiri fayil mai suna rubutu.desktop a cikin ~/.config/autostart, ya rubuta layuka huɗu:

[Desktop Entry]
Type=Application
Name=Rubutu
Exec=libreoffice --writer

Wanda ba ya son rubuta fayil da hannu zai iya bi ta saituna. A Xfce na Faransanci sashen sunansa Session et démarrage, a Ubuntu kuma Applications au démarrage, a KDE Démarrage automatique. Dukansu wannan fayil ɗin suke rubutawa a madadinku, a folda ɗaya.

Hana manhaja tashi ya fi amfani ga tsohuwar kwamfuta fiye da ƙara wata. Ku leƙa /etc/xdg/autostart, za ku ga abubuwa irin su mai kula da Bluetooth, da mai lura da na'urar buga takardu, da mai sanar da sababbin gyare-gyare. Kwamfutar da ba ta da Bluetooth ba ta da dalilin ɗaukar mai kula da shi. Kada ku goge fayil ɗin daga can, domin sabuntawa ta gaba tana iya maido shi, kuma goge shi ya shafi kowa. Ku kwafe shi zuwa ~/.config/autostart da sunansa yadda yake, ku ƙara layin Hidden=true. Ƙa'idar ta ce idan suna ɗaya ya bayyana a wuraren biyu, na mutum ne ke rinjaye. Amma a yi hattara da abubuwa biyu: nm-applet, wanda ke nuna alamar haɗin intanet, da wakilin polkit, wanda ke fito da akwatin neman kalmar sirri idan za a yi aikin shugaba. Wanda ya kashe su zai rasa inda zai zaɓi wifi, ko ya ga wasu saituna sun ƙi buɗewa ba tare da wani bayani ba.

Idan kwamfuta tana da fage fiye da ɗaya, layin OnlyShowIn=XFCE; yana taƙaita manhaja ga Xfce, layin NotShowIn=GNOME; kuma yana hana ta tashi a GNOME.

Akwai tarko guda a layin Exec. Ba ya fahimtar duk abin da ake rubutawa a tashar umarni. Alamar ~ ba ta aiki a cikinsa, sai an rubuta cikakkiyar hanya, kamar /home/dalibi/darasi.pdf. Haka nan ba a jera umarni biyu kai tsaye. Mai son manhaja ta jira daƙiƙa 15 kafin ta tashi, domin intanet ya samu haɗuwa tukuna, sai ya rubuta:

Exec=sh -c "sleep 15; firefox-esr"

Wannan jinkiri yana taimaka wa na'ura mai tsohon faifai, domin idan manhajoji biyar suka taso wa faifan lokaci guda, kowace sai ta fi daɗewa.

Openbox da LXDE suna da nasu fayil

Wanda ya zaɓi Openbox shi kaɗai zai tarar da allo fili, ba sanda, ba hoto, sai jerin da ke fitowa idan an danna linzami ta dama. Abin da yake so ya gani sai ya rubuta shi a ~/.config/openbox/autostart. Ga misali:

tint2 &
pcmanfm --desktop &
nm-applet &
lxpolkit &

Layin farko yana kawo sanda, na biyu yana shimfiɗa hoton bango da gumakan fayiloli, na uku alamar intanet, na huɗu wakilin kalmar sirri. Alamar & da ke ƙarshen kowane layi tana cewa a tayar da wannan a wuce gaba, kada a jira ya gama. Idan aka manta da ita a layin tint2, jerin zai tsaya cik a wurin, tunda sanda ba ta gama aiki sai an fita, sauran ukun kuma ba za su taɓa tashi ba. A lura kuma cewa openbox-session ne ke karanta wannan fayil. Wanda ya kira openbox kawai ba zai ga komai daga ciki ba.

LXDE kuwa yana karanta ~/.config/lxsession/LXDE/autostart, kuma dokarsa daban ce. Ba a sa alamar & a cikinsa. Idan aka sa alamar @ a farkon layi, manhajar za ta sake tashi da kanta idan ta faɗi. Mutane kan kwafi layi daga jagorar Openbox su liƙa a fayil ɗin LXDE, ko akasin haka, sannan su rasa dalilin da ya hana shi aiki.

Tsohuwar hanya: .xinitrc

Kwamfuta tana iya aiki ba tare da mai tsaron ƙofa ba. Mutum ya shiga ta baƙin allo, ya rubuta startx, sai X ya tashi ya karanta ~/.xinitrc. Ga yadda fayil ɗin ke kasancewa:

#!/bin/sh
setxkbmap fr
xset s off
exec openbox-session

Layukan setxkbmap da xset suna gama aikinsu nan take, don haka ba sa buƙatar alamar &. Layin ƙarshe shi ne ginshiƙin zaman. Kalmar exec tana miƙa wa Openbox ragamar zaman baki ɗaya, muddin yana raye zama yana raye. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa masa alamar & shi ma. Idan aka yi haka, jerin umarnin zai kai ƙarshe ba abin da yake jira, X zai ɗauka an gama, allo ya yi walƙiya ya rufe. Duk abin da aka rubuta a ƙasan layin exec kuma ba za a karanta shi ba.

Masu tsaron ƙofa irin LightDM ba sa duba .xinitrc. Ɗan uwansa a wajensu shi ne ~/.xsession, wanda Debian ke amfani da shi idan an zaɓi zaman asali a allon shiga. Dokar & da exec iri ɗaya ce a cikinsa. Bambancinsa da .xsessionrc shi ne, shi .xsession yana maye gurbin fagen aiki ne, .xsessionrc kuwa ƙari ne da ake karantawa kafin fagen ya tashi.

Sauya mai kula da tagogi

Ana iya riƙe fagen aiki a sauya mai kula da tagoginsa. Don gwaji, a buɗe tashar umarni a Xfce a rubuta openbox --replace, nan take kawunan tagogi za su sauya kama. Umarnin xfwm4 --replace yana maido da na asali. A LXQt akwai wurin zaɓa a saitunan zama, kuma zaɓin yana zaune a layin window_manager na fayil ɗin ~/.config/lxqt/session.conf. A GNOME babu wannan dama, domin Mutter a haɗe yake da sauran fagen.

A Debian, umarnin sudo update-alternatives --config x-session-manager yana nuna fagagen da ke na'urar, a zaɓi wanda zai zama na asali. Idan kuma an ɗora masu tsaron ƙofa biyu, sudo dpkg-reconfigure lightdm yana tambayar wanda za a bar wa ƙofar.

Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ

Ga masu rubuta Hausa a ƙasashen da ake aiki da Faransanci, akwai wata buƙata ta musamman. Madannan da ake amfani da su galibi tsarin AZERTY ne, mai é da è da ç, amma babu haruffa masu lanƙwasa. Ga shi kuwa bari daban, ɓari daban, haka kafa da ƙafa. Linux yana zuwa da tsarin madannan Hausa a cikinsa, ɗaya ƙarƙashin Najeriya, ɗaya ƙarƙashin Gana. A zaman X11, wannan layi yana ɗora Faransanci da Hausa tare:

setxkbmap -layout fr,ng -variant ,hausa -option grp:alt_shift_toggle

Waƙafin da ke gaban kalmar hausa ba kuskure ba ne, yana nuna cewa tsarin farko, na Faransanci, a bar shi yadda yake. Danna Alt da Shift tare yana sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya. Da an fita daga zama umarnin ya gushe, saboda haka wurinsa shi ne fayil ɗin autostart na Openbox ko .xsessionrc. Mai amfani da Xfce, GNOME ko KDE gara ya ƙara Hausa ta saitunan madannai na fagen, domin waɗannan fagage suna iya ɗora nasu tsarin a kan wanda setxkbmap ya kafa. Wanda yake son tsarin ya shafi kowa a Debian sai ya gyara /etc/default/keyboard, ya sa fr,ng a layin XKBLAYOUT, ya sa ,hausa a layin XKBVARIANT.

Tsarin Hausa an gina shi ne a kan QWERTY, don haka A da Q, da Z da W, suna musayar wuri idan aka sauya. Wannan kan rikita kalmar sirri. Mutum ya rubuta ta daidai bisa abin da ke zane a madannai, na'ura kuma ta karanta wani abu daban. Idan allon kulle ya ƙi karɓar kalmar da kuka tabbata da ita, ku fara duba tsarin madannan da ke aiki.

Kwamfutar jama'a

A makaranta ko shagon intanet, abin da ake so shi ne a kunna na'ura ta kai kanta wurin aiki, musamman inda wuta ke yawan ɗaukewa, ana kunna kwamfuta goma sau da yawa a yini. A LightDM, ana buɗe /etc/lightdm/lightdm.conf, a ƙarƙashin kan da aka rubuta [Seat:*] a sa:

autologin-user=dalibi
autologin-session=openbox

Sunan zaman shi ne sunan fayil ɗinsa a /usr/share/xsessions, ba tare da .desktop ba. Idan aikin kwamfutar buɗe shafi ɗaya ne kawai, kamar na rajistar jarrabawa ko kundin darussa, Firefox tun sigarsa ta 71, wadda ta fito a Disamba 2019, yana da zaɓin --kiosk da ke cika allo ya ɓoye sandunansa. A fayil ɗin autostart na Openbox ana iya rubuta:

while true; do firefox-esr --kiosk; sleep 2; done &

Duk lokacin da wani ya rufe shi, bayan daƙiƙa 2 zai dawo. Adireshin shafin ana rubuta shi bayan kalmar --kiosk.

Shiga kai tsaye yana nufin duk wanda ya danna maɓallin kunnawa ya shiga. Don haka asusun da aka ba wannan dama kada ya zama na shugaba, kada ya kasance da izinin sudo, kuma kada a ajiye takardun ofis ko sunayen ɗalibai a cikinsa. Haka kuma mai shago ya riƙa leƙa ~/.config/autostart lokaci-lokaci. Duk wanda ya zauna a gaban na'urar yana iya ajiye fayil a wurin, kuma manhajar da ke satar abin da ake bugawa a madannai irin wannan wuri take nema ta ɓuya, domin ta tashi da kowane zama. Fayil ɗin da ba ku san shi ba, ku buɗe ku karanta layin Exec ɗinsa.

Mai shirya na'ura ga mutane da yawa yana da wata sauƙaƙawa. Duk abin da aka ajiye a /etc/skel ana kwafe shi zuwa gidan kowane sabon asusu lokacin ƙirƙirarsa. A shirya foldar .config sau ɗaya a ajiye a can, kowane sabon ɗalibi zai tarar da tsarin a shirye. Asusun da aka riga aka buɗe ba ya cikin wannan.

Idan manhaja ta buɗe sau biyu

Xfce da KDE suna iya tuna manhajojin da ke buɗe lokacin fita, su maido su a shiga ta gaba. Idan manhaja tana cikin foldar autostart, kuma an adana ta cikin zama, za ta fito sau biyu. Haka nan idan wuta ta ɗauke ko aka adana zama a birkice, birkicewar za ta riƙa dawowa kullum. A Xfce, abin da aka adana yana cikin ~/.cache/sessions. A fita daga zaman, a share abin da ke foldar ta baƙin allo, sannan a cire alamar adana zama da ke akwatin fita.

Me Wayland ya sauya?

Fedora ta koma Wayland a 2016, Debian mai GNOME a 2019, Ubuntu a 2021, kuma KDE Plasma 6 da ya fito a Fabrairu 2024 da shi yake farawa. Xfce 4.20 na Disamba 2024 ya fara gwada shi ne kawai. Don sanin wanda kuke kai, ku rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE a tashar umarni, zai amsa x11 ko wayland.

A Wayland, mai shimfiɗa allo da mai kula da tagogi abu ɗaya ne, saboda haka babu sauya ɗaya a bar ɗaya. Fayilolin .xinitrc, .xsession da .xsessionrc ba a karanta su, setxkbmap da xset kuma ba sa sauya saitunan allon. Abin da ya tsira shi ne foldar ~/.config/autostart, wadda GNOME da KDE ke ci gaba da bi. Masu son sauƙin Openbox suna da labwc, wanda ke karanta ~/.config/labwc/autostart, kuma Raspberry Pi OS ya koma kansa a 2024. Yawancin jagororin da ke yawo a intanet an rubuta su ne zamanin X11, shi ya sa duba irin zaman ya kamata ya zo kafin bin kowace shawara.

Idan ƙofa ta rufe

Alamar da aka fi gani ita ce a rubuta kalmar sirri, allo ya yi baƙi, sannan allon shiga ya dawo. Fayilolinku suna nan lafiya, zaman ne ke mutuwa da zarar ya tashi. Ku danna Ctrl, Alt da F3 tare, baƙin allo zai fito, ku shiga da suna da kalmar sirri. Daga nan a bi matakai huɗu.

Na ɗaya, tail -n 30 ~/.xsession-errors zai nuna layuka 30 na ƙarshe na ƙorafin zaman, inda sau da yawa sunan abin da ya faɗi ke fitowa. Na biyu, a kawar da fayil ɗin da aka taɓa a ƙarshe ta hanyar sauya masa suna, misali mv ~/.xsession ~/.xsession.tsoho. Na uku, df -h zai nuna ko faifai ya cika, domin zama ba ya tashi idan babu inda zai rubuta ƙananan fayilolinsa. Na huɗu, ls -l ~/.Xauthority zai nuna mai wannan fayil. Idan root ne, abin da kan faru bayan an kira startx da sudo, sai a maido shi da sudo chown dalibi:dalibi ~/.Xauthority, a sa sunan asusun a gurbin dalibi. Bayan gyara, sudo systemctl restart lightdm zai maido da allon shiga.

Rigakafi ya fi magani. Kafin taɓa kowane fayil, a kwafe shi da wani suna. A sauya abu ɗaya, a fita, a sake shiga, a duba, sannan a wuce na gaba. Umarnin free -h kafin gyara da bayansa zai nuna yawan ƙwaƙwalwar da aka ƙwato. Kuma a kowace kwamfuta a bar asusun shugaba guda wanda ba a yin gwaji a cikinsa, domin ranar da na ɗalibai ya ƙi buɗewa, ta nan za a shiga a gyara.